Tarihin Musayar Bayanan Bincike Tsakanin Fannonin Ilimi: Darasi Daga Meiganga da Arewacin Kamaru

1.0 Gabatarwa

Duk wani bincike na ilimi yakan bar abubuwa iri biyu a bayansa. Na farko shi ne sakamakon da ake bugawa a littafi ko mujalla, wanda shi ne kowa ke gani. Na biyu kuwa shi ne tarin abubuwan da aka gina sakamakon a kansu, wato kaset-kaset na hira, da littattafan da manazarci ya cika a fagen bincike, da jerin kalmomi, da alƙaluman awon ruwan sama, da kwalaben jinin dabbobi, da kuma umarnin da aka rubuta wa kwamfuta domin ta yi lissafi. Galibi wannan kashi na biyu a cikin akwatin manazarci yake ƙarewa. Idan ya rasu, ko aka rufe cibiyar da yake aiki, sai gara da ƙura su gaje shi.

Manufar wannan takarda ita ce bin diddigin yadda aka yi ta tattara irin waɗannan bayanai a yankin Meiganga da sauran arewacin Kamaru, daga tsakiyar ƙarni na 19 zuwa yau, da kuma yadda suka riƙa wucewa daga hannun masanin wani fanni zuwa hannun masanin wani fannin. An zaɓi wannan yanki ne saboda dalilai biyu. Na ɗaya, masana tarihi da harshe da al'ada da labarin ƙasa da likitancin dabbobi duk sun yi aiki a kan mutane ɗaya da ƙasa ɗaya, don haka buƙatar musayar bayanai ta fito fili. Na biyu, yanki ne da ke da daɗaɗɗiyar alaƙa da ƙasar Hausa ta fuskar jihadi da fatauci. Takardar za ta nuna cewa bayanan da suka yi amfani sau biyu ko sau uku su ne waɗanda aka adana tare da cikakken bayanin asalinsu, a inda wani zai iya kai hannu gare su. Za ta kuma nuna cewa mutanen da aka samo bayanan daga wurinsu su ne suka fi kowa wahalar samun su.

2.0 Ma'anar Muhimman Kalmomi

A wannan takarda, "ɗanyun bayanai" na nufin duk abin da manazarci ya tattaro kafin ya yi masa sharhi, ko magana ce, ko hoto, ko alƙaluma, ko wani abu da aka ɗebo domin awo. "Umarnin kwamfuta" kuwa shi ne jerin matakan da ake rubuta wa na'urar domin ta tace bayanai ko ta yi lissafi a kansu, kuma idan an harhaɗa shi ya zama abin aiki sai a kira shi manhaja. Muhimmancinsa shi ne, wanda ya samu ɗanyun bayanai ba tare da umarnin da aka sarrafa su da shi ba, da wuya ya iya tabbatar da ko lissafin da aka yi daidai ne. "Taska" ita ce wurin da ake adana waɗannan abubuwa bisa tsari, ko ɗaki ne mai kantoci, ko kuma ma'ajiya ce a intanet.

3.0 Meiganga da Mutanenta

Meiganga gari ne a kan tudun Adamawa ta ƙasar Kamaru, kudu maso gabas da Ngaundare, a kan hanyar da ta nufi Garwa-Bulai da iyakar Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya. Shi ne hedikwatar gundumar Mbere. Mafi yawan manoman yankin Gbaya ne, waɗanda rogo da masara su ne abincinsu, sai Fulanin gida, da Bororo makiyaya, da kuma Hausawa 'yan kasuwa.

Alaƙar yankin da ƙasar Hausa ta ƙarfafa ne bayan da Modibbo Adama ya karɓo tuta daga wurin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, aka kafa masarautar Fombina wadda Yola ta zama fadarta a 1841. Lamiɓen Ngaundare, waɗanda ke ƙarƙashin Yola, su ne suka faɗaɗa ikonsu zuwa ƙasar Gbaya, fataken Hausawa kuma suka bi sawunsu neman hauren giwa da bayi. Garin Kunde, wanda ke kudu maso gabas da inda Meiganga take a yau, ya zama babban zangon waɗannan fatake a ƙarshen ƙarni na 19. Ke nan, tun kafin zuwan Turawa, akwai Hausawan da suka san hanyoyin yankin da kogunansa da harsunansa.

4.0 Zamanin Matafiya da 'Yan Mulkin Mallaka

Rubutattun bayanai na farko da Turawa suka tattara a kan Fombina daga bakin irin waɗannan matafiya suka fito. Heinrich Barth ya isa Yola a watan Yuni na 1851, amma kwanaki kaɗan ya yi Lamiɗo Lawal ya sallame shi. Saboda haka yawancin abin da ya rubuta game da garuruwan kudu da zangon da ke tsakaninsu, daga fatake da sauran matafiya ya ji shi. Haka kuma Eduard Flegel, wanda ya isa Ngaundare a 1882, Madugu Mai Gashin Baki ne ya yi masa jagora, har ma ya tafi da shi Berlin a 1884. Siegfried Passarge ya biyo bayansu, ya buga littafinsa kan Adamawa a 1895, inda ya haɗa bayanin duwatsu da tsirrai da al'adun mutane a wuri guda.

Jamusawa sun ci Tibati a 1899, sannan Ngaundare da Garwa a 1901, da Marwa a 1902. Ɗaya daga cikin jami'ansu da ya zauna a Garwa, Kurt Strümpell, ya tattara jerin kalmomin harsunan yankin, ya kuma buga tarihin Adamawa bisa ruwayoyin baka a 1912. Bayan da Jamus ta rasa Kamaru a 1916, Faransa ta karɓi mafi girman ɓangaren ƙasar, Yola kuma ta ci gaba da zama a hannun Ingila.

Wannan rabo ya haifar da matsalar da manazarta ke fama da ita har yau. Tarihin masarauta ɗaya ya warwatsu cikin harsuna huɗu, wato Larabci da Jamusanci da Faransanci da Ingilishi, ban da abin da ke cikin Fulatanci da ajami. Takardun kuma sun rarrabu tsakanin Yawunde da Kaduna da Berlin da Aix-en-Provence a Faransa. Ɗalibin da ke Zariya zai iya karanta takardun Kaduna, amma na Jamusanci sun fi ƙarfinsa, na Yawunde kuma ya iya Faransanci, amma Kaduna ta yi masa nisa. Bayanan suna nan, sai dai kowane ɓangare rabin labarin yake riƙe da shi.

5.0 Zamanin Cibiyoyin Bincike

5.1 Hukumar ORSTOM

Faransa ta kafa hukumar binciken kimiyya a ƙasashen da take mulka a 1943, wadda daga baya aka san ta da suna ORSTOM, kuma tun 1998 ake kiranta IRD. Ma'aikatanta sun shafe shekaru suna awon ruwan kogunan Binuwai da Logone da Sanaga, suna zana taswirar nau'o'in ƙasar noma, suna ƙidayar mutane da dabbobi. Littafin Jean-Claude Olivry kan kogunan Kamaru, wanda ya fito a 1986, a kan irin wannan awo na shekara da shekaru aka gina shi. Jean Boutrais kuwa, masanin labarin ƙasa, ya daɗe yana nazarin kiwo da ƙaurar makiyaya a kan tudun Adamawa. Amfanin aikin hukumar shi ne tsari da ɗorewa. Illarsa ita ce yawancin rahotannin kwafi kaɗan ake bugawa, a ajiye a ofisoshin Yawunde da Faransa, inda malamin makaranta ko jami'in gona na Meiganga ba ya zuwa.

5.2 Manazartan Gbaya a Meiganga

A Meiganga kanta, musayar bayanai ta fara ne tsakanin mutane ƙalilan da suka san juna. Mishan ta Lutheran daga Amurka ta shiga ƙasar Gbaya a shekarun 1920, daga baya ta kafa cibiyar fassara da makarantar koyon addini a garin. Philip Noss, masanin harshe, ya tattara tatsuniyoyi da kalmomin Gbaya, kuma shi da Yves Blanchard suka fitar da ƙamus na Gbaya da Faransanci a 1982, wanda Cibiyar Fassarar Gbaya ta Meiganga ta buga. Philip Burnham, masanin al'adun al'umma, ya fara aiki a yankin a ƙarshen shekarun 1960, ya buga littafinsa kan Gbayan Meiganga a 1980.

Abin lura a nan shi ne abin da ya faru da waɗannan manazarta suka haɗa abin da ke hannunsu. A 1983 Burnham da Thomas Christensen, malamin addinin Kirista da ya zauna cikin Gbaya, sun rubuta maƙala kan tawayen Karnu, wanda aka fi sani da Yaƙin Ƙotar Fartanya, da ya ɓarke a 1928. Sun gwama rahotannin jami'an Faransa da abin da dattawan Gbaya suka ruwaito, wanda hakan ya ba da damar jin muryar waɗanda aka yaƙa tare da ta waɗanda suka yi yaƙin. A 1986 kuma Burnham da Noss da Elisabeth Copet-Rougier suka haɗa bayanan harshe da na al'ada domin gano tarihin alaƙar Gbaya da Mkako a gabashin Kamaru. Jerin kalmomin da masanin harshe ya tara domin ƙamus sai ga shi ya zama hujjar tarihi, domin kalmomin aro suna nuna wanda ya zauna kusa da wane. Sai dai wannan musaya ta dogara ne a kan sanayya. Wanda ba ya cikin da'irar, sakamakon kawai yake gani.

5.3 Gudummawar Eldridge Mohammadou

Babu wanda ya kai Eldridge Mohammadou ƙoƙarin fito da ɗanyun bayanan arewacin Kamaru fili. An haife shi a Garwa a 1934, ya kuma shafe shekaru kusan arba'in yana zagaya fadojin lamiɓe da ƙauyuka da rikoda, yana ɗaukar ruwayoyin tarihi. Tsarin aikinsa ya bambanta da na yawancin masana tarihin zamaninsa ta hanyoyi uku.

Na farko, a littattafansa da dama yakan kawo matanin ruwayar cikin Fulatanci kamar yadda aka faɗe ta, sannan ya kawo fassarar Faransanci da sharhi. Haka ya yi a ayyukansa kan Marwa da Pette, da Rai Buba, da kuma Garwa, wanda ya fitar a 1980 tare da Modibbo Bassoro. Da wannan tsari, masanin tarihi zai iya ƙalubalantar fassararsa, masanin harshe kuma zai iya nazarin Fulatancin kansa, ko da tarihin bai dame shi ba. Na biyu, ya tsara kundin jerin takardun mulkin Jamus da ke taskar ƙasa a Yawunde, ya kuma fassara ayyukan Strümpell da Leo Frobenius daga Jamusanci zuwa Faransanci, wato ya buɗe ƙofar da harshe ya rufe. Na uku, ya nemi mabuga a duk inda suke. Cibiyar nazarin harsuna da al'adun Asiya da Afirka da ke Tokiyo a Japan ita ta buga littafinsa kan masarautun Fulani na tudun Adamawa a 1978, da na masarautar Wandala a 1982, da juzu'i biyu kan al'ummun tsakiyar Kamaru a 1990 da 1991.

Mohammadou ya yi aiki a reshen Garwa na Cibiyar Nazarin Kimiyyar Ɗan'adam ta gwamnatin Kamaru. A 1991, lokacin matsin tattalin arziki, gwamnati ta rushe cibiyar baki ɗaya. Daga nan ya koma Jami'ar Maiduguri, inda ya ci gaba da aiki har ya rasu a 2004. Darasin da ke cikin wannan shi ne, cibiya tana iya mutuwa ta bar bayanai ba mai kula da su, kaset kuma abu ne da zafi da laima ke lalatawa. Abin da manazarci ya fi saurin samu a yau daga wannan gagarumin aiki shi ne abin da ya riga ya shiga ɗab'i, aka rarraba kwafinsa a ɗakunan karatu da yawa.

6.0 Haɗa Fannoni a Inuwa Ɗaya

6.1 Ƙungiyar Méga-Tchad

A 1984 wasu masana harshe a Faransa, cikinsu har da Daniel Barreteau, suka kira taro a Faris kan harsuna da al'adun yankin Tafkin Cadi. Daga wannan taro aka samu ƙungiyar Méga-Tchad, wadda ta ɗauki sunanta daga tsohon babban tafkin da ya taɓa mamaye yankin dubban shekaru da suka wuce. Tsarinta shi ne a zaɓi jigo guda, kowane fanni ya kawo abin da ya sani a kansa. An yi taro kan ɗan'adam da ruwa a Frankfurt a 1993, da kan ɗan'adam da dabba a Orléans a 1997. A 2003 taron ya zo Maiduguri, a 2005 kuma aka yi shi a Marwa kan ƙaura. Ƙungiyar ta kuma riƙa fitar da ƙaramar mujalla mai ɗauke da jerin sababbin littattafai da kundayen digiri da ayyukan da ake kan yi. A zamanin da babu intanet, sanin cewa wani ya riga ya yi aiki a kan abin da ake shirin nazari babban taimako ne.

6.2 Shirin Ngaoundéré-Anthropos

A watan Janairu na 1992 an yi taro a Ngaundare kan al'ummu da al'adun Adamawa, wanda aka buga takardunsa a 1993. Wannan shi ne mafarin shirin Ngaoundéré-Anthropos, haɗin gwiwa tsakanin Jami'ar Tromsø ta ƙasar Norwe da cibiyar jami'a ta Ngaundare, wadda ta zama cikakkiyar jami'a a 1993. Lisbet Holtedahl, da Mohammadou, da Martin Njeuma, da Boutrais suna cikin jagororinsa. Bambancinsa da abin da ya gabata shi ne ya mayar da hankali ga tara littattafai da takardu a cikin yankin kansa, da horar da ɗaliban yankin, da kafa mujallar da za su yi rubutu a ciki. A nan ne tambayar ta sauya daga yadda masana za su yi musaya a tsakaninsu zuwa yadda ilimin zai dawo inda aka samo shi.

6.3 Jinin Shanu da Aka Sake Amfani da Shi

Misali mafi bayyana na amfanin adana ɗanyun bayanai daga fannin likitancin dabbobi ya zo. A shekarar 2000 Mark Bronsvoort da Vincent Tanya na cibiyar binciken noma da kiwo da ke Wakwa kusa da Ngaundare, tare da abokan aikinsu, sun gudanar da bincike kan ciwon baki da kofato, wanda makiyayan Nijeriya ke kira boru. Sun zaɓi garke 147 daga gundumomi biyar na Adamawa, har da Mbere, suka yi wa makiyaya tambayoyi, suka kuma ɗebi jinin shanu fiye da 1,300. Da suka gama binciken sai suka adana ruwan jinin cikin sanyi, kowace kwalba da bayanin shekarun dabbar da garkenta da wurin da aka same ta.

Bayan shekaru goma, a 2010, aka fitar da sabon nazari daga wannan jini a mujallar PLoS ONE, kan cututtuka uku da ke iya kama mutum daga dabba: bakkale mai sa saniya ɓari, da zazzaɓin Q, da wani ciwo da ake ɗauka daga fitsarin dabbobi. A 2011 an sake fitar da wani nazarin kan wata cutar gudawa ta shanu. Ba a sake tara makiyaya ba, ba a kuma sake kashe kuɗin zagaya daji ba. Abin da ya sa hakan ta yiwu shi ne bayanin da ke tare da kowace kwalba, domin jinin da ba a san saniyar da aka ɗebe shi daga jikinta ba, ba ya amsa wata tambaya.

7.0 Zamanin Intanet

7.1 Taskokin Bai-ɗaya

A matakin duniya, masu nazarin ƙwayoyin halittar ɗan'adam sun amince a Bermuda a 1996 cewa za su riƙa sakin bayanansu ga kowa da zarar sun same su. Sanarwar Budapest ta 2002 da ta Berlin ta 2003 sun yi kira da a buɗe sakamakon bincike kyauta. Daga nan aka samu taskokin da ke karɓar bayanai da umarnin kwamfuta daga kowane fanni, kamar manhajar Dataverse da Jami'ar Harvard ta ƙirƙiro, da taskar Zenodo da cibiyar CERN ta buɗe a 2013. Kowane tarin bayanai da aka ajiye a irin waɗannan wurare ana ba shi lambar shaida ta dindindin, yadda za a iya ambatonsa kamar yadda ake ambaton littafi. A 2016 aka fitar da ƙa'idojin FAIR, masu cewa bayanai su kasance ana iya gano su, ana iya kai wa gare su, suna iya haɗuwa da wasu bayanan, kuma ana iya sake amfani da su. Hukumar UNESCO ta amince da shawarwarinta kan buɗaɗɗiyar kimiyya a watan Nuwamba na 2021.

Arewacin Kamaru ya ci moriyar wannan sauyi ta hanyar IRD. Hukumar ta mayar da dubban tsofaffin rahotannin ORSTOM zuwa tsarin kwamfuta, ta zuba su a taskarta mai suna Horizon, inda kowa zai iya sauke su kyauta, har da kundayen tarukan Méga-Tchad da ta buga. A 2019 kuma ta buɗe DataSuds, taskar ɗanyun bayanai da aka gina a kan Dataverse. Rahoton da a shekarun 1970 sai an je Yawunde ko Faris kafin a gan shi, yanzu ɗalibin makarantar nazarin duwatsu da haƙar ma'adinai ta Jami'ar Ngaundare da ke Meiganga yana iya karanta shi a wayarsa.

7.2 Umarnin Kwamfuta

Ta fuskar umarnin kwamfuta, akwai misalai biyu daga yankin. Na farko shi ne aikin David Zeitlyn a ƙauyen Somié na Mambila, a yammacin Adamawa ta Kamaru. Tun a shekarun 1990, lokacin yana Jami'ar Kent a Ingila, ya riƙa sanya bayanan bincikensa a intanet, kuma shi da Michael Fischer suka tsara manhajar da ke kwaikwayon yadda Mambila ke duba da gizo-gizo, domin ɗalibi ya gwada ƙa'idojin fassara da kansa.

Na biyu shi ne aikin Mark Moritz na Jami'ar Jihar Ohio a Amurka da abokan aikinsa na Marwa, kan makiyayan fadamar Logone. Sun shafe shekaru suna bin inda rugage ke sauka, suka tarar cewa duk da babu mai raba makiyaya, garkuna suna bazuwa daidai da yawan ciyawar da ke kowane wuri. Sai suka rubuta manhajar kwaikwayo domin gwada ko 'yan ƙa'idoji masu sauƙi na zaɓen masauki za su iya haifar da wannan tsari, suka buga sakamakon a 2015. Sun kuma ajiye wasu daga cikin manhajojinsu a taskar CoMSES. Ma'anar wannan ita ce, manazarcin da ke aiki a fadamar Haɗeja zai iya ɗaukar umarnin, ya sauya alƙaluman, ya ga ko abin da aka gani a Logone zai tabbata a wurinsa.

8.0 Matsaloli da Iyakoki

Duk da wannan ci gaba, akwai matsaloli uku da tarihin yankin ya fito da su.

Ta farko ita ce ta harshe da kayan aiki. Mafi yawan abin da ke cikin taskokin nan da Faransanci ko Ingilishi yake. Makiyayin da aka ɗebi jinin shanunsa, da tsohon da aka ɗauki muryarsa, Fulatanci ko Gbaya ko Hausa suke ji. Buɗe taska a intanet bai isar da saƙo gare su ba, sai an samu mai fassarawa da mai kai musu.

Ta biyu ita ce ta tsaro. A farkon shekarun 1990, musamman a 1992, an yi mummunan rikici tsakanin Gbaya da Fulani a Meiganga, wanda Burnham ya yi nazarinsa a littafinsa na 1996. A irin wannan wuri, ruwayar da ta faɗi wanda ya fara zama a gari, ko wanda kakansa bawa ne, tana iya zama makami a hannun masu husuma. Haka kuma yankin ya yi fama da 'yan fashi da masu sace makiyaya domin neman kuɗin fansa, matsalar da masanin tarihi Saïbou Issa ya rubuta littafi a kanta a 2010. Taswirar da ta nuna inda kowace ruga take da yawan shanunta tana da amfani ga likitan dabbobi, amma tana da amfani ga ɓarawo ma. Tun 2014 kuma gundumar Mbere ta karɓi dubban 'yan gudun hijira daga Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya a sansanonin Borgop da Ngam, waɗanda bayyana sunayensu na iya jefa su cikin haɗari. Saboda haka wajibi ne a cire sunaye da ainihin wurare kafin a saki irin waɗannan bayanai, wasu ma a taƙaita masu ganinsu. Nijeriya ta kafa dokar kare bayanan mutane a 2023, Kamaru kuma ta kafa tata a watan Disamba na 2024.

Ta uku ita ce ta mallaka. Ruwayar da aka ɗauka a fada, ta mai ruwayar ce, ko ta manazarci, ko ta cibiyar da ta biya kuɗin tafiya? Ƙa'idojin CARE da aka fitar a 2019 sun jaddada cewa al'ummar da bayanai suka shafa tana da haƙƙin cin moriyarsu da kuma faɗa a ji kan yadda za a yi amfani da su. Akwai kuma koken manazartan Afirka cewa su ke shan wahalar tattara bayanai, amma da zarar an buɗe su, masu manyan kwamfutoci da kuɗin bincike su ke riga su buga sakamako. Maganin wannan shi ne a tabbatar ana ambaton wanda ya tattara bayanai kamar yadda ake ambaton marubuci.

9.0 Kammalawa

Takardar ta bi tarihin bayanan bincike a Meiganga da arewacin Kamaru ta matakai huɗu: zamanin matafiya da suka dogara da fatake, da zamanin cibiyoyi da musaya tsakanin waɗanda suka san juna, da zamanin ƙungiyoyin da suka haɗa fannoni, da kuma zamanin taskokin intanet. A kowane mataki an ga cewa abin da ya rayu shi ne abin da aka rubuta asalinsa, aka yawaita kwafinsa, aka ajiye a inda baƙo zai iya samu. Matanin Fulatanci da Mohammadou ya buga, da kalmomin da Noss ya tara, da jinin shanun da aka adana a 2000, duk sun amsa tambayoyin da masu tattara su ba su yi ba tun farko.

Wannan darasi ya shafi ɗalibin Hausa kai tsaye. Kowace shekara ɗalibai suna hira da makaɗa da maroƙa da masu sana'o'in gargajiya da dattawa domin rubuta kundin digiri, kuma da zarar an ba da sakamako sai muryoyin su ɓace tare da wayar da aka ɗauke su a ciki. Ya kamata kowace hira ta kasance da bayanin ranar da aka yi ta, da wurin, da karin harshen mai magana, da izininsa. Ya kamata a bar kwafi a sashe, a kai wani wata taska kamar Gidan Arewa da ke Kaduna, a kuma mayar da wani ga mai maganar ko iyalinsa. Hausawa na cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma tarihin Fombina, wanda rabinsa ke Nijeriya rabinsa ke Kamaru, ba zai cika ba sai manazartan ɓangarorin biyu sun iya ganin abin da ke hannun juna.